Ƙulli a Dangwali

Shekarar tamanin da huɗu, da damina ta yi ƙarya har gero ya bushe tun yana gwiwa, Fulanin da ke zaune a dajin Gidan Sori suka ga in sun tsaya, shanu a gabansu za su ƙare. Maza suka ware manyan shanu masu sauran ƙarfi, za su kora su kudu, ƙetaren iyaka, inda aka ce akwai ciyawa. Mata da ƙananan yara suka nufi Gidan Rumji, wai ana rabon hatsi. Sai maruƙan da aka yaye, waɗanda ba su iya doguwar tafiya. Su aka bari a bakin wata tsohuwar rijiya, da 'yan samari shida, da wani tsoho Baffa Dogo, da buhun gero wanda ko cika bai yi ba. Aka ce da an sami wurin tsayawa, za a dawo da amalanke da dusa a kwashe su.

Cikin yaran akwai Hamma. Sunansa na yanka Abdulmumini ne, amma ɗan fari ne, kuma ka san Fulani da kunyar ɗan fari. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakin ubansa ba, ko Hamman ma ba ya faɗa. In yana son aikensa sai ya dubi gefe ya ce, “Ku ce wa wancan ya kawo sanda,” alhali wancan ɗin yana tsaye a gabansa. Hamma bai taɓa jin haushi ba. Ya san shi kaɗai ake yi wa haka a gidan, kuma ya san abin da ake nufi.

Ranar tafiya ma hakan aka yi. Uban ya warware dangwali, doguwar igiyar nan mai madaukai da ake ɗaure maruƙa a jere, ya kafa ta da kansa. Shi ya tufka ta. Ya durƙusa a kan madauki ɗaya ya sake yin ƙullin gidansu a hankali, wanda ya gada wurin ubansa, ƙullin da in an ja shi sai ya ƙara kamawa. Hamma kaɗai ya koya wa. Da ya gama ya miƙe yana duban rijiya ya ce, “Ku ce wa wancan ya kula da dangwali.” Ya bi bayan shanunsa.

Akwai kuma Jaye, ƙaraminsu duka, ɗan Adama. Adama talaka ne, cuta ta share masa garke tun kafin fari. Uban Hamma ne ya kamo karsana ɗaya ya ba shi habbanaye. Wanda bai san habbanaye ba, ga yadda take: ka ba abokinka saniya ya kiwata, ta haifa masa sau uku, 'ya'yan nasa ne, sannan ya mayar maka da uwar. Kafin nan kai mai ita ba ka da baki a kanta, ko tambayar lafiyarta da yawa abin kunya ne. Shi kuwa wanda aka bai wa, gara tasa ta mutu da ita ta yi tari. Karsanar nan fara ce, Fure suke ce mata. Ƙaya ta soke ta a kofato tana ɗingishi, shi ya sa aka bar ta da maruƙa, aka bar Jaye da ita.

Rijiyar ba ta da kirki, tsattsafowa take yi. A ja da safe ta ƙafe, sai an jira la'asar. Baffa Dogo ya kafa doka: Fure ta fara sha, don amana ce, sannan maruƙa, sannan mutane. Igiya da guga kuwa a hannunsa suke kwana. Ana haka zawo ya kama tsohon. Bai daɗe ba. Da ya ga abin ba na tashi ba ne, ya kira Hamma ya ɗora masa igiyar a cinya ya ce, “Ɗan babban gida ne kai. Yadda na yi haka za ka yi.” Da hantsi ya cika. Yaran suka haƙa da sanduna da fasasshiyar ƙwarya a gindin wata aduwa, suka yi masa sallar da suka iya, suka rufe shi.

To, a nan Ɗahiru ya taso. Shi ne babba a jiki, gashin baki ya fara tsiro masa, kuma ya taɓa shiga sharo, shatar bulala na nan a ƙirjinsa yana yawo da ita kamar lambar soja. Ƙasar kabari ba ta bushe ba ya ce shi bai ga dalilin da yaron da bai taɓa shan tsumagiya ba zai riƙe wa maza ruwa.

“Baffa ne ya ba ni,” in ji Hamma.

“Baffa na ƙarƙashin aduwa. Ka je ka kira shi ya yi maka shaida. Ko kuwa ka tsaya mu gwada, ni biyu kai biyu. Wanda ya motsa ya ba da igiya.”

Da Hamma ya ƙi, da ba wanda zai ce ya yi laifi, don sharo ba a yinsa a gaban kabari, kuma ba a yinsa da yunwa. Amma idanun mutum biyar na kansa. Ya ɗauki tsumagiya ya zuba wa Ɗahiru biyu, Ɗahiru yana murmushi yana duban farcensa. Da aka juyo kansa, ta farko ya cije. Ta biyu ta sauka daidai kan ta farko, sai ya ji wata murya ta ce “Wayyo inna!” Tasa ce. Yaran suka fashe da dariya har da faɗuwa. Jaye ne kaɗai bai yi ba, ya sunkuyar da kai yana sosa wa Fure wuya.

Daga ranar Ɗahiru ya naɗe igiyar a ƙugunsa, ya kifa malfar marigayi a ka, ya ce a riƙa ce masa Arɗo. Kai, mulki! Ko na rijiyar da ba ta cika guga ne, sai ya hau wa mutum kai. Ya ce shi zai fara sha, sannan yara biyun da ke take masa baya, sannan sauran, dabba kuwa abin da ya rage. Wanda ya yi gunaguni a hana shi ruwan la'asar. Hamma aka mayar mai jan guga, ya ja ya miƙa, ya tsaya yana kallo, suna kiransa Wayyo Inna.

Gero ya ƙare. Suka koma kan anza, wadda sai an jiƙa ta an zubar an sake jiƙawa kafin ɗacinta ya fita, ruwan kuwa babu, sai su ci da ɗacin ciki ya yi ta murɗa. Suka tone gidajen tururuwa suna sheƙe ƙwayar ciyawar da ta tara. Alwala aka fara bari, wai babu ruwa. Daga baya taimamar ma aka bari, ba wanda ya ce don me. Maruƙa suka fara faɗuwa. Na farko da ya kwanta, sun yanka shi da bisimilla suna hawaye, don kowa ya san uwarsa da kakarsa. Na uku kuwa tun bai kwanta sosai ba aka danne shi, aka yi dambe a kan hanta, har aka fasa wa wani baki. Ka ga 'ya'yan Fulani, waɗanda a gida ko ci a gaban baƙo ba su yi, suna warce ƙashi daga hannun juna suna gurnani.

Ɗahiru ya ƙirƙiro wasa. Da rana in zafi ya hana komai, sai ya zaɓi mutum biyu ya ce su daki juna, wanda ya ci ya sha rabon wanda aka kayar. Kuma suna yi! Hamma ma ya yi, ya kayar da wani yaro da suka taso tare, ya shanye ruwansa yana kallonsa.

Jaye bai shiga komai ba. Da sassafe zai haye gawo da 'yar addarsa ya saro wa Fure ganye, ya tsinto mata 'ya'yan gawon ɗaya-ɗaya. Ɗan ruwan da ake ba shi sai ya kurɓi kaɗan ya jiƙa maƙogwaro, ya kai mata sauran a ƙoƙo. Ya cire mata ƙayar, ya ɗaure kofaton da tsumman rigarsa. Shi ya koma kamar sillen kara, ita kuwa ta daina ɗingishi. Cikin dabbobin nan duka ita kaɗai ce haƙarƙarinta bai fito a ƙirga ba, kuma abin da ya jawo mata ke nan.

Wata la'asar Ɗahiru ya zauna a bakin rijiya yana kallonta ya ce, “Maruƙan nan fata ce da ƙashi. Ga nama can yana yawo.”

Har 'yan korensa biyu suka dubi ƙasa. Yunwa ta ci sallarsu ta ci kunyarsu, amma wannan ɗaya ta rage: habbanaye ba a taɓa ta. Ɗaya ya yi ƙarfin hali ya ce, “Arɗo, amana ce fa.”

Ɗahiru ba wawa ba ne. Ya ga in ya matsa shi kaɗai, igiyar za ta iya barin ƙugunsa. Sai ya juya wurin Hamma, ya kira shi da sunansa, ba Wayyo Inna ba.

“Hamma, zo nan. Tsagar da ke kunnen karsanar can, ta gidan wa ce?”

“Ta gidanmu.”

“To! Amanar wa? In mai abu ya ce a ci abinsa, wa ya ci amana? Kai ne ɗan gidan, ubanka ba ya nan, bakinka bakinsa ne. Ka faɗa kawai. Daga yau kusa da ni za ka zauna, ka sha bayana, wani ya ja guga.”

Hamma ya sani. Wallahi ya sani, kada wani ya ce yarinta ce. Tun yana goye yake jin cewa wanda ya ba da habbanaye ya yanke harshensa a kanta sai ta haihu uku. Ubansa da kansa, in Fure ta ratso ta gabansa, kau da kai yake yi don kada Adama ya zaci ana duba ta. Amma cikinsa na kuka, shatar tsumagiya na yi masa zogi, kuma tunda aka rufe Baffa ba a sake dubansa kamar mutum ba sai yanzu. Masu magana sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Hamma ya ce, “Tamu ce. Na yarda.”

Jaye ya ruga ya rungume wuyan Fure. Bai dubi Ɗahiru ba ko sau ɗaya, Hamma yake kallo. “Hamma, babanka ne ya ba mu da hannunsa. Ko haihuwa ɗaya ba ta yi ba. Me zan ce wa babana? Hamma, ku sha ruwana duka, na bar muku.”

Suka ɓamɓare shi, ya kuɓuce ya koma. Suka sake, ya ciji wani a hannu. Suka ɗaure shi da rawanin marigayi a jikin aduwa, ya zame kamar tarwaɗa ya sake komawa. Ɗahiru ya ce, “Tunda ya zama maraƙi, a kai shi wurin maruƙa. Wa ya iya ƙullin da ba ya kwancewa?”

Ba wanda ya tilasta Hamma. Wannan shi ne abin da ya fi cin Hamma daga baya, cewa ba a ko kira sunansa ba. Shi ya tako da kansa. Aka danne Jaye a kan dangwali, a madaukin wani maraƙi da ya mutu, aka ɗaure masa hannu ta baya. Hamma ya zagaya madaukin a wuyan yaron, ya yi ƙullin gidansu, a hankali, yadda aka koya masa. Yana jin numfashin Jaye a bayan hannunsa.

Fure ba ta gudu ba, don ta saba da hannun mutane. Da aka kayar da ita ta yi kuka sau ɗaya. Jaye ya yi ta fizga, ƙullin na ƙara kamawa, igiya na cin wuyansa, har muryarsa ta dushe ya koma shessheƙa. Maruƙan da ke ɗaure gefensa suka yi ta ja da baya.

Suka gasa suka ci. Ɗahiru ya yanko hanta ya miƙa wa Hamma da hannunsa. Da a ce ta yi masa ɗaci ma, da da sauƙi. Daɗi ta yi masa, daɗin da bai taɓa ji ba, har ya lashe yatsu ya miƙa hannu a ƙara.

Da ciki ya ɗauka aka tuna da Jaye. Hamma ya je kwance shi, ƙulli ya ce bai san zancen ba, ya shige cikin kansa ya yi tauri kamar dutse, ga jini ya jiƙa shi. Ya sa farce, ya sa haƙori, a banza. Bafulatani ba ya sa wa dangwali wuƙa, amma yaron ya fara kakari. Ɗahiru ya zaro wuƙar da aka yanka Fure ya datse madaukin, ƙullin ya rage a jikin igiyar. Aka ajiye wa Jaye tsoka a gabansa. Bai taɓa ba. Ya ɗauki tsumman da ya ɗaure wa Fure kofato ya naɗe wuyansa. Daga nan ganyen gawo da anza ya ci gaba da ci, suna shanya kilishin karsanarsa a kan ƙaya yana gani.

Hamma ya sami wurin zamansa kusa da Arɗo. Yana sha na biyu. Ba a sake ce masa Wayyo Inna ba. Sai dai duk inda Jaye yake, ba ya iya juya fuska wajen.

Naman bai gama ƙarewa ba, wata safiya suka ji kukan amalanke. Ka ga abin mamaki! Kafin jakin ya fito daga cikin sabara, Ɗahiru ya tuɓe malfa ya rataye a aduwa, ya kwance igiya ya ajiye a bakin rijiya, aka tura sauran kilishi da fatar cikin ramin tururuwa aka tura ƙasa. Ya ce da sauri, “Yunwa ce ta kashe Fure, kun ji ko?” Arɗo guda ya koma yaro mai sunkuyar da kai. Tsoro na daji, kunya na gida, ga gida ya zo har daji ya same su.

Mutum biyu ne a amalanken, uban Hamma da Adama, sun rame har sai ka duba sau biyu. Aka nuna musu kabarin Baffa Dogo, suka yi addu'a. Sannan suka faɗi nasu labarin a gajarce: kudu ma babu, shanun sun zube a hanya, waɗanda suka rage mahauta sun karɓe a kuɗin kaza. Uban Hamma, mai garken da ba a gane ƙarshensa, da sanda kaɗai ya dawo.

Adama yana ta waige-waige. Ya ce, “Duk hanya ina ce wa sobajona, aminin nan nawa, kada ya damu, Fure na nan, iri bai ƙare ba. In ta haihu ta farko tasa ce, na yafe al'ada. Jaye, ina take? Ka kai ta kiwo ne?”

Hamma ya sunkuyar da kai. Ya jira yaron ya nuna shi. Har so yake ya nuna shi, a yi ta ta ƙare.

Jaye ya dubi ƙasa ya ce da dusasshiyar murya, “Ta mutu a hannuna.”

Shi ke nan abin da ya faɗa. Ba tsoron Ɗahiru ba ne, Ɗahiru ya riga ya zama ba kowa ba. Yaron nan ba zai iya buɗe baki a gaban mutumin da ya ba su saniya ya ce ɗanka ne ba.

Adama ya dubi maruƙan da suka rage a dangwali, 'yan ƙalilan, suna tsaye da ƙafarsu. Ya ce, “Na mutane sun rayu, amana ce ta mutu?” Bai daki ɗansa ba, ko kallonsa bai sake yi ba, kuma duka ya fi wannan sauƙi. Ya cire rawaninsa, dattijo da furfura, ya durƙusa a gaban uban Hamma ya kifa kai. “Sobajo, ka ba ni da hannu biyu, na bar wa yaro. Ba ni da fuskar da zan dube ka.”

“Tashi, Adama. Shekarar ce. Nawa ɗari suna ina?”

Adama ya ƙi tashi. Uban Hamma ya rasa yadda zai yi da shi, abin ya yi masa nauyi, sai ya juya ya tafi kwance maruƙa don a ɗora su a amalanke. Yana bin dangwalinsa madauki bayan madauki, har ya zo kan wanda aka datse. Ya tsaya. Ya durƙusa ya ɗaga guntun, ya ga bakin wuƙa, ya ga busasshen jini, ya juya ƙullin a tafinsa. Ya auna faɗin madaukin da yatsunsa, ya ga ba wuyan maraƙi ba ne. Ya ɗago ya dubi Jaye da tsumman da ke wuyansa cikin wannan zafi. Ya je ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga tsumman, ya mayar a hankali.

Mutum biyu ne a duniya suka iya ƙullin nan, ɗaya kuwa yana kudu lokacin da aka yi shi.

Ya koma ya kama Adama da hannu biyu ya miƙar da shi tsaye, ya ɗauki rawanin ya kakkaɓe ya ɗora masa. Sannan ya juyo. Bai dubi rijiya ba, bai dubi gefe ba, bai ce ku ce wa wancan ba. Ya dubi Hamma cikin ido, yadda ake duban ɗan wani, ya ce a gaban kowa:

“Abdulmumini.”

Hamma bai taɓa sanin sunansa na da nauyi haka ba. Ya so ƙasa ta tsage.

“Zo ka kwance abin da ka ɗaure.”

Hamma ya tafi ya durƙusa a kan dangwalin. Aka ɗora maruƙa, aka naɗe igiyar rijiya, aka ɗaga Jaye aka zaunar da shi a gaban amalanke, kusa da uban Hamma. Ba wanda ya ce masa ya yi sauri, ba wanda ya ce ya bari. Suna tsaye a rana suna jiransa, shi kuwa yana ta fama da farce da haƙori, ƙullin ya ƙi kwancewa.